Na Ɗauki Hoton Tuwon Gwaggona, Ban Ci Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Talata abin ya fara. Na san lokacin daidai domin ni aka ba wa takardar aji in cike ran nan. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya a Yendi, irin ɗalibar nan da ke zama a layin gaba amma ba ta ɗaga hannu, wadda ake aron littafinta idan jarrabawa ta matso saboda tana ja layi da rula. A Salaga aka haife ni, mahaifina doya yake lodawa zuwa kudu. Idan baƙi suka zo gidanmu, ɗaki nake shigewa da littafi har su tafi. Ran nan malama ta kawo sikeli ta ce mu auna juna, mu yi lissafin nan da ake haɗa nauyi da tsawo. Nawa ya haura layin da ake kira daidai da ɗan kaɗan. Malama ta ce lissafin shi kaɗai ba ya yanke wa kowa hukunci, amma maganar ba ta zauna mini ba, domin wata 'yar ajinmu ta riga ta leƙo takardata ta ce ai ba abin mamaki ba ne, mutanen Salaga da sakwara ake yaye su. Aka yi dariya aka wuce. Ba da mugunta ta faɗa ba, na tabbata kafin azahar ta manta. Ni ce ban manta ba.

Ina jin kunyar tambayar mutum, amma waya ba a jin kunyarta. Daga ranar na shiga bincike, kuma har yau idan na tuna abin da na karanta raina ɓaci yake. Wani mai farar riga ya ce kada a kuskura a karya da safe, wata ta ce wanda bai karya ba shi ne mai tara teɓa. Wani ya ce mai shi ne abokin gaba, wani ya ce a sha mai a bar hatsi. Wannan ta ce ruwan zafi da lemon tsami kafin a yi magana da kowa, waccan ta ce shayinta kawai, ga lambar waya. A motsa jiki ma haka, yau gudu ne magani, gobe gudu ne ke lalata gwiwa. Kowannensu yana magana kamar shi ya halicci cikin mutum. Na sayi sabon littafi na ja layuka, na jera su gefe da gefe don in gano mai gaskiya. Shafi talatin na cika, ban sami biyu da suka yarda da juna ba.

Sai na haɗu da wata manhaja mai ƙirga kalori, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ita ba ta surutu, lamba take bayarwa, har da ɗigo. Mutum irina idan ya ga lamba mai ɗigo ya gama yarda. Matsalar ɗaya ce, manhajar ba ta san abincinmu ba. Na rubuta tuwo ta kawo mini kifin gwangwani. Tubani ba ta taɓa ji ba, miyar ayoyo ma haka. Doya ta sani, amma da lambobi uku da ba su ko kama hanyar juna ba. Abin da ta sani sarai shi ne duk abin da ya zo a leda ko a kwalba, domin da na haska layukan bayansa sai lamba ta fito. A nan na kafa wa kaina dokar da a lokacin na ɗauka hankali ce: abin da ban san lambarsa ba, ba zan ci ba. Haka na bar koko da ƙosai na koma biskit, na bar wake da shinkafa na koma taliyar leda. A makaranta ba wanda ya lura, kowa da kwanonsa, kowa da damuwarsa.

Da hutu ya zo aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Bawku don koyon aiki na wata biyu. A Bawku kuwa Gwaggo take, yayar Baba, mai sayar da gero da wake a kasuwa. Shekara shida ba sa magana da Baba, tun wani saɓani kan gidan kakanmu wanda a ciki aka ce an ji bakin Mma, mahaifiyata. Saboda ni Baba ya sauke girman kai ya kira ta, ita ma ta ce in zo, ɗaki yana nan. A tasha da zai sa ni mota ya riƙe jakata ya ce, Uwata, duk abin da ta ba ki ki karɓa da hannu biyu, ke ce za ki gyara mana abin da muka ɓata. Na ce to. Na fahimci maganar sarai, ba zan ce ban fahimta ba.

Ranar da na sauka Gwaggo ta sa aka yanka zabo. Ta tuƙa tuwon gero da kanta, ta ce 'yar ƙanenta ba za ta ci ita kaɗai kamar baƙuwa ba, kwano ɗaya za mu ci. Na wanke hannu na zauna, ƙamshin miyar har cikin kaina, amma abin da nake tunani shi ne yadda zan rubuta wannan a manhaja. Malmala ba ta da awo, kuma a kwano ɗaya ba ka san inda naka ya tsaya ba. Loma uku na yi na ce na ƙoshi, gajiyar mota ce. Ta ture mini cinyar zabon gabana, na mayar mata. Ta dube ni ta ce to, Allah ya huta gajiya.

Washegari na ce na ci a asibiti. Jibi ma haka. Litinin da Alhamis na ce azumi nake, kuma wannan ita ce ƙaryar da ta fi damuna, domin ibada na jingina wa abin da ba ibada ba. Ina shiga ɗaki in rufe ƙofa in ci biskit a hankali don kada leda ta yi ƙara. Da la'asar in bi wata mata a bidiyo ina tsalle, sai ƙasa ta fara juya mini in zauna. Na tambayi wani zauren intanet na masu rage ƙiba kalori nawa ne a malmalar tuwon gero. Ɗaya ta ce in bar tuwo gaba ɗaya, ɗaya ta turo hoton shayinta, ɗaya ta ce dangin da ke tilasta wa mutum ci ba masoyansa ba ne, in nisance su. Mutum takwas suka amsa, babu wanda ya amsa abin da na tambaya.

Ana nan manhajar ta zo da sabon salo, wai ka ɗauki hoton abinci ta faɗa maka abin da ke ciki. Na yi murna, na ce yanzu zan iya cin na Gwaggo. Duk abin da ta ajiye mini sai in jira ta juya baya, in buɗe, in ɗauki hoto ta sama da ta gefe, in tona miyar da cokali don a ga abin da ke ƙasa. Har ƙaramin sikeli na saya ina ɗora malmala a kai. Yau manhajar ta ce dankalin Turawa ne, gobe ta ce ƙullin burodi ne, lambar kuma kullum daban. Sai in ji haushi in rufe kwanon in mayar. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin yadda abin yake ga wanda ke tsaye a bakin madafa yana kallona ba: yarinya daga gidan da aka yi rigima da su, tana tona abincinka, tana ɗaukar hoto, tana latsa waya, sannan ta ƙi ci.

Mako na uku Gwaggo ta daina kirana cin abinci. Ni da wautata sai na ji sauƙi. Ran wata Juma'a na dawo daga aiki bayan an sauko masallaci, na tarar da jakata a tsakar gida, gefenta tulin ledojin biskit da ta sharo daga ƙarƙashin gadona. Tana zaune a kan turmi, ta sa waya a murya sama, Baba ne a ɗaya ɓangaren. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya aiko a ɗauki 'yarsa. Ta ce shekara talatin tana ciyar da direbobi da fatake daga Burkina da Togo a gidan nan, ba a taɓa fitar da gawa ba. Ta ce idan matarsa ce ta ce kada a ci na hannunta, to hotunan da ake tura mata sun isa shaida, ta kai wa malamin da ta ga dama ya duba. Baba ya rantse bai san zancen ba, ta ce ai dama bai taɓa sanin abin da ake ƙullawa a ɗakinsa ba. Daga nan maganar gidan kakanmu ta taso, suka faɗa wa juna abin da shekara shida suna haɗiyewa. Ina jiyo Mma daga nesa tana tambayar wane hoto.

Ina tsaye da rigar aiki ina jin su. Da ƙyar na shiga ɗaki na ɗauko littafina, na durƙusa gabanta na ajiye shi da wayar. Na nuna mata hotunan, na nuna mata ba wanda na tura wa, na karanta mata abin da manhajar ta ce game da tuwonta. Ta sa na maimaita wurin dankalin Turawa sau biyu. Sai ta ce wato duk wannan wulaƙancin waya ce ta sa ni, ita tana can tana kwana da tunanin me ta yi mini, ashe da ƙarfe take kishi. Ta ce wa Baba ya ji abin da kuɗin makarantarsa ya saya, 'yarsa ta yi karatu har ta kai sai ta nemi izinin waya kafin ta kai loma baki. Ta kama damtsena ta ce ina ma ƙibar take, ita ba ta gani ba, fuska ce dai ta koɗe kamar tsohon zane. Baba ya kashe wayar.

Gwaggo ta yarda da ni, ta mayar da jakar ɗaki da hannunta. Amma abin da suka faɗa wa juna ya riga ya faɗu. Sai da aka kusa shekara kafin Baba ya sake kiranta, yanzu ma gaisuwar Sallah ce da ta rasuwa. Mma kuwa har gobe ba ta yafe zargin da aka yi mata ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya fi ba ni takaici, da aka ɗora ni a sikeli, wata biyar na wahala bai rage ko kilo biyu ba. Jinina ne ya yi ƙasa, cikina ya ɗaure, gashina yana bin mataji.

Shi ya sa na rubuto, musamman don 'yan'uwana masu kunya irina, waɗanda gara su tambayi waya sau ɗari da su tambayi mutum sau ɗaya. Ba na cewa duk abin da ke intanet ƙarya ne, wasu abubuwan na tarar da su a littattafanmu na shekara ta biyu. Amma mai magana a bidiyo bai taɓa ganinki ba, bai auna jininki ba, bai san abin da ake dafawa a gidanku ba, kuma idan shawararsa ta kwantar da ke ba zai ji labari ba. Da yawansu ma akwai abin da suke sayarwa. Lamba mai kyan gani ba ita ce gaskiya ba. Idan shawara ta kai ki ga ɓoye leda a ƙarƙashin gado, ko yi wa wadda ta dafa miki ƙarya, ki tsaya a nan ki nemi ma'aikacin lafiya mai rai ki faɗa masa komai. Kuma ki buɗe baki ki gaya wa mutanen gida abin da kike yi, domin idan kika yi shiru za su fassara da kansu.

Ni ma ba da ƙafata na je ba. Ran Litinin Gwaggo ta bar rumfarta ta riƙo hannuna har asibitin da nake koyon aiki, ta miƙa ni ga babbar nas, wata dattijuwa mai kula da masu ciwon suga, a gaban abokan aikina. Ta ce ga 'yarku nan, ku da kuka iya boko ku warware mata. Nas ɗin ta sa aka ɗibi jinina, ta tambayi abin da nake ci, sannan ta zauna ta karanta littafina shafi bayan shafi tana girgiza kai. Ta ce rubutuna yana da kyau, saura hankali. Ta rubuta mini maganin ƙarin jini, ta ce tsallen ɗaki ya isa haka, in riƙa takawa zuwa aiki da ƙafa. Har mun miƙe, na ga idan ban tambaya yanzu ba wayar zan koma wa. Na ce mata, Anti, to tuwon fa, nawa zan ci?

Ta kama hannuna na dama ta dunƙule shi, ta ɗaga mini shi daidai idona.

"Kamar wannan," ta ce. "Miya da ganye ki ninka, nama ko wake ki ci abin da aka ba ki, na leda ki bar shi a shago. Bayan wata ɗaya ki dawo in gan ki da idona. Yanzu je ki wanke shi, gwaggonki tun safe ba ta karya ba saboda ke."