Masar Farko Tawa Ce

Tun da ƙuruciyata nake suyar masa a ƙofar gidanmu a Gwallaga. Da tandar nan na aurar da 'ya'yana, da ita na yi jinyar maigidana Malam har Allah ya karɓi abinsa. Ko yanzu da nake faɗa ana rubutawa, in na ambace shi sai hawaye ya zo.

Da na shiga takaba, matar ɗana ce ta karɓi tanda. Ba muguwa ba ce, tattalinta ne ya wuce kima. Wata matar soja daga barikin Shadawanka, wadda Hausarta ba ta nuna ba amma ta daɗe tana saye a wurina, ta ba da aikin masar suna. Matar ɗan nawa ta ga ragowar miyar taushe da ta kwana, ta ji ƙyashin zubarwa, ta juye a cikin sabuwa. Kafin la'asar 'yan suna sun kama amai da gudawa. Ba wanda ya mutu, amma sai da aka kwantar da maijego a asibiti.

Kowa ya san ina ɗaki ranar. Amma masar da sunana aka san ta. Ɗana ya kwashe matarsa suka koma gona a Zungur, aka bar ni da abin.

Na fita takaba, na hura wuta. Masa ta yi ta hucewa a kwano. Waɗanda suka zo mini gaisuwa suna kuka, su ne suke tsallaka titi in sun hango hayaƙina. Wata maƙwabciyata ta ce da 'yar'uwarta, da ƙarfi don in ji:

"Ashe abin da Malam yake ci ke nan. Allah ya jiƙan bawan Allah, ya yi haƙuri."

Na sayi sabuwar tukunya. Kullum da azahar na riƙa juye ragowar miya a kwata a gaban jama'a. Suka ce ai wadda na ɓoye tana cikin gida.

Wata safiya sai ga matar sojan a keke. Ko saukowa ba ta yi ba, ba ta kuma yi mini gaisuwar rashi ba.

"Mama, masan ka yana da kyau yau?"

"Wallahi, 'yar nan, da hannuna na yi."

"To ci mu gani."

Na ɗauki ɗaya na ci.

"Da miya."

Na tsoma wata na ci. Ta zauna tana kallon bakina har na haɗiye, sannan ta miƙo kular abincinta. Masu keke na bakin masallaci duk sun gani. Daga ranar ya zama doka, duk mai saye sai na ci ya gani.

Ni kuwa ina da ciwon suga. Likita ya daɗe da hana ni masa, shinkafa ce da sukari. Da Malam yana nan, daga hannuna yake ƙwacewa yana faɗa. Yanzu ba mai ƙwacewa.

Ciniki ya dawo. Idona ya fara hazo, gyambon ɗan yatsan ƙafata ya ƙi warkewa. Wata rana na ce da wani mai keke, wanda da hannuna na yi masa wankan jarirai:

"Ɗan nan, ka yi haƙuri yau. Likita ya hana ni."

"Haba Iya! Abin da zai kashe ki ne za ki sayar mana?"

Aka kwashe da dariya, har da tafa hannu. Na ci. In ban ci ba, wa zai ci da ni?

Yanzu inuwar mutum kawai nake gani. Da ƙarar mai nake sanin masa ta isa juyawa. A Gwallaga kuwa ana cewa ba masa mai aminci kamar tawa, tunda mai ita tana ci.

Ɗazu matar sojan ta zo, na gane muryarta.

"Kai, Mama, ka rame. Ka kula da jikin ka fa."

Na yi mata godiya. Ba ta miƙo kula ba, tana jira. Na laluba kwano, na ɗauki ɗaya, na tsoma a miya.