Ranar da Janareta Ya Mutu Muna Rajistar Hatsi

Shekarun baya, lokacin da mutanen ƙauyuka ke ta kwararowa Safana saboda rashin tsaro, ina aikin kwamfuta a wani ɗan ofishi da ke rajistar masu karɓar tallafin hatsi. Duk sunayen da muka tara, har na mutanen Tsaskiya da na Yasore, suna cikin babbar kwamfuta guda da muke kira saba.

Abokina ne ya haɗa mana ita, wani malamin makaranta a Batsari. Ya dage sai ya sa mata tsarin ajiya mai ɗan littafin kansa. Ya ce, "Kafin ta ajiye komai, sai ta fara rubuta abin da za ta yi. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, tana dawowa za ta duba inda ta tsaya ta gyara."

Ni kuwa lokacin ina ji da 'yar diflomata. Na ce, "Malam, wannan nauyi kawai zai ƙara mata."

Ya ce, "Bar ta ta yi nauyin, ba tsere muke ba."

Har na ƙudurta cire tsarin in ya tafi. Kasala ce ta hana ni.

Wata Talata da hantsi, ana gobe rabo, layi ya kai bakin titi. Ina cikin shigar da sunan wata dattijuwa sai man janareta ya ƙare, saba ta mutu. Batirin da ke riƙe saba ya daɗe da lalacewa, kuma mun daina cike fom saboda tsadar takarda. Aikin wata biyu ne a cikin saba. In ya tafi, ban san da wane baki zan ce wa mutanen da suka baro gonakinsu su sake bin layi ba.

Dattijuwar ta ce, "Ɗana, lafiya? Na ga fuskarka ta canza."

Na ce, "Lafiya lau, Iya." Gumi kuwa har cikin takalmi.

Aka samo mai a babur, aka tayar da janareta. Na kunna saba ina salati. Ta ɗan tsaya tana duba littafin nata, sannan ta buɗe. Na bi sunayen shafi-shafi. Komai na nan, sunan dattijuwar ne kaɗai bai shiga ba.

Na ce, "Iya, sake faɗa mini sunanki, na'urar ta manta."

Ta ce, "Ashe ita ma tsufa ya kama ta."

Da na kira abokina, bai ko tuna mini gardamar da na yi ba. Cewa ya yi, "Alhamdu lillahi. Amma littafin ba ya hana na'ura mutuwa. Ka kwafi sunayen a wani wuri yau ɗin nan."

Har yau in na tuna sai na yi masa addu'a. Washegarin wannan Talatar kowa ya ɗauki hatsinsa ya tafi, babu wanda ya san da wani malami a Batsari, balle ya gode masa.