Sana'ar da Ba ta Cikin Littafin Gwamnati

Ƙarshen shekarun tamanin ne, ina rubuta wa kwamfuta furogaram a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa ta Lome. Katin shaidata ya ƙare, na je sabuntawa, na ƙudurta wannan karon sai an rubuta ainihin sana'ata.

Ma'aikacin, da bajon jam'iyya a ƙirjinsa, ya buɗe littafin sana'o'i yana lasar yatsa. Akwai tela, akwai makanike, har mai gyaran agogo. Ni babu.

"Madmazel, wa ya 'yanta ki?"

A Lome duk mai koyon sana'a sai ubangidansa ya yi masa bikin 'yantawa, ya ba shi takarda. Na ce ni a makaranta na fara, saura kuwa a gaban na'ura na koya. Na roƙa ya rubuta injiniyar kwamfuta. Ya ce injiniya shi ne mai gina gada. In tawa sana'a ce, in kawo takardar shugaban masu yin ta. Raina ya ɓaci, amma lokacin ba a ɗaga murya a ofis.

Babana mahauci ne a Zongo, bai yi boko ba. Da na faɗa masa sai ya ce, "Wannan ne ya hana ki cin abinci? Mu ma muna da manya."

Ya sayi goro, ya tara sarkin fawa da sarkin aski da liman a ƙofar gidanmu. Ba wanda ya taɓa ganin kwamfuta a cikinsu. Suka sa mini albarka, liman ya rubuta takarda da ajami cewa na ƙware, suka dangwala yatsa. Na san ba za ta yi aiki ba, amma na kasa faɗa.

Da na kai ofis, ma'aikacin ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Kina danna maɓallai da yatsu, ko ba haka ba?"

Ya rubuta mai buga tafireta.

Da na koma gida Baba ya karɓi katin, ya goge hannunsa a riga, ya sa yatsa daidai kan layin.

"Nan ne suka rubuta injiniya?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya fita da shi zai nuna wa sarkin fawa.