Ranar da Muka Ɗauki Makarar Baffana

Ina da shekara hamsin da bakwai lokacin da na zama ƙarami a cikin mazan ƙauyenmu. Ƙauyen yana kusa da Barwa, ba nisa da bakin kogin Komadugu, inda muka gaji noman tattasai. Da rikici ya yi tsanani, samari suka watse. Wasu suka nufi Diffa, wasu haƙar zinariya can arewa, wasu kuma ba a faɗin inda suka tafi. Saurayi ba ya iya zama: mutanen daji suna neman sa, soja suna zargin sa. Mata masu goyo suka koma bukkokin 'yan gudun hijira na bakin titi. Aka bar mu tsofaffi da awaki.

Baffana, yayan mahaifina, ya rasu wata Talata da hantsi. Matarsa da kanta ta dogara sanda ta zo ta gaya mini, don babu wanda za ta aika.

Muka taru ƙofar gidan, mu tara. Bulama, mai garinmu, gwiwoyinsa sun kumbura, liman kuma yanar ido ta hana shi gani. Maƙabartarmu tana wajen kogi, inda soja suka ce kada a ƙara ganin kowa. Bulama ya ce a binne shi bayan gida kawai.

Tsohuwar ta ce daga bayan zana, “Ya ce kusa da uwarsa yake so. Ni dai na faɗa muku.”

Na ɗauki diga da shebur na nufi maƙabarta, maƙerin gari ya bi ni. Ya girme ni da shekara goma, ƙirjinsa yana kuka in ya sunkuya. Bayan sara kaɗan ya zauna, na ci gaba ni kaɗai, ina haƙa ina ɗaga kai ina duban itatuwan bakin ruwa. Sai bayan azahar kabarin ya yiwu.

A da, in an ɗauki makara, ba ka yin taku goma wani ya karɓe ka. Ran nan mu huɗu ne ke iya ɗauka, babu mai karɓa. Liman yana biye, ya dafa kafaɗar bulama. Sau biyu muna ajiyewa muna hutawa.

Mun wuce gonakin da aka bari ke nan sai na ji ƙarar moto, wato babur. Tun da aka hana hawa moto a yankinmu, kowa ya san masu hawan sa. Makarar ta girgiza a kafaɗata, na san sauran ma sun ji.

Maƙeri ya ce a hankali, “Malam, mu ajiye?”

Liman ya ce, “Mu ajiye mu je ina? Wa ke iya gudu a cikinku? Ku ci gaba da tafiya.”

Muka ci gaba. Ƙarar tana matsowa, ni kuwa ba na ganin komai sai ƙafafuna. Ni kaɗai ne zan iya gudu, na kuma san haka. Na yi tunanin sa, ba zan ɓoye ba. Amma in na saki, baffana zai faɗi ƙasa.

Suka tare mana hanya, su biyu, da bindigogi a rataye, fuskokinsu naɗe da rawani. Na bayan ya sauko. Ya yi mana magana da Barbarci, muryarsa ta yaro ce ƙwarai.

“Wa ya mutu?”

Bulama ya faɗa masa. Ya zagaya mu yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kaina. Kafaɗata ta mutu, gumi yana shiga idona, ban iya sharewa ba.

“Ina samarinku?”

Liman ya juya wajen muryar ya ce, “Ɗana, ga su nan kana gani. Su ne suka rage.”

Wanda ke kan moton ya ce wa yaron wani abu da ban ji ba. Sai yaron ya ce, “Ku gama ku bar wurin nan kafin la'asar.” Ya hau, suka yi wajen kogi.

Ba mu ajiye ba sai bakin kabari. Ni na shiga, suka miƙo mini shi da ƙyar, saura kaɗan maƙeri ya faɗo kaina. Liman ya gajarta addu'a. Da na zo fita, sai da mutum biyu suka ja ni.

A hanyar komawa bulama ya tsaya ya yi amai, muka jira shi. Da muka iso, na tarar da tsohuwar zaune inda muka bar ta. Ta tambaye ni ko kusa da uwarsa muka sa shi, na ce i. Ban gaya mata sauran ba.

Kafin damina ta faɗi na haƙa kabari uku, duka bayan gida. Na ukun na maƙeri ne. Bayan sadakar bakwai ɗinsa ɗiyata ta turo mota daga Diffa, na sa matar baffana da liman a gaba wajen direba, ni na hau baya da awaki.