Ranar da Ammu Awadalla Ya Yi Cigiyar Zannuba

Ranar Juma'a ce a tsakiyar watan Agusta, kuma tun da hantsi iska ta ɗauke cak a Iskandariyya. Teku ta kwanta lamo kamar an bi ta da dutsen guga. Zafi ya koro mutanen gari daga gidajensu, ya koro wasu daga Alƙahira a jirgin ƙasa, duk suka zube a yashin Anfushi, har ba inda mutum zai sa ƙafa bai taka tabarmar wani ba. Waɗanda suka wuni a bakin ruwa ran nan suna tuna ta har yanzu, amma ba don zafin ba.

Ammu Awadalla, wato Baffa Awadalla, shi ne mai cigiyar yara a wurin. Ɗan masunci ne, sai dai tun fitarsa ta farko a kwalekwale ya amayar da abin da ya ci da wanda bai ci ba, ubansa ya maido shi tudu, ya ce kada ya ƙara kunyata shi a gaban kifi. Ya yi dakon laima, ya ba da hayar tiyub ɗin mota da yara ke iyo da shi, ya tura lilo. Daga baya mai kula da wurin ya lura muryarsa tana kaiwa tun daga masallaci har inda ake ƙera jiragen ruwa, sai ya ba shi kujerar katako da lasifika mai batir. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan kujerar nan.

Yara kuwa ba su taɓa barinsa ya huta ba. Wani ya bi mai gasa masara. Wani ya bi jirgin takarda da ido, ƙafa ta bi ido. Wani ya je ɗebo ruwa a bokiti don ginin yashi, ya juyo ya ga laima dubu duk iri ɗaya. In iyaye ne suka zo nema, aikin ba wuya, sunan yaro zai kira. In yaron aka kawo yana kuka da majina, nan gwanintar take. Ba ya tambayarsa sunan kowa. Ya ce ka tambayi yaro sunan uwarsa, Mama zai ce maka, ka ga ba a ci gaba ba. Ko da ya sani ma, wane marar mutunci ne zai ɗaga lasifika ya yi shelar sunan matar mutane? Tukunya yake tambaya.

"Me Mama ta dafo?"

"Mahshi."

"Kowa mahshi ya dafo, ɗana, shinkafa a naɗe cikin ganye. Na kabeji ko na ganyen inabi?"

"Na kabeji. Ya ƙone ta ƙasa."

"Madalla. Wa ya ce ya ƙone?"

"Baba. Sai Mama ta ce ya je uwarsa ta dafa masa."

Sai ya saɓa yaro a wuya, ya shiga tsakanin laimomi yana cewa, "'Yan halak, ga yaro ya rasa nasa. Masu mahshin kabeji da ya kama ta ƙasa, har aka yi 'yar magana a kai, ku zo ku karɓi ɗanku." Ba a minti biyar uwa take fitowa a guje, rabi don ɗanta, rabi don a yi shiru.

Mutumin nan da ya san ƙasan tukunyar kowa, shi ma yana da abin da ya rufe, wato sunan mahaifiyarsa. A unguwanninmu in yara suka ji sunan uwar yaro, ya shiga uku, da shi za su kira shi har ya yi furfura. Nasa kuwa ya fi na kowa wuya, don sunanta Zannuba. Suna ne na mutanen da, mai kyau, daga ƙauye ta zo da shi. Daga baya aka kawo silifas ɗin roba mai igiya tsakanin yatsu, wanda ake sawa zuwa banɗaki da bakin ruwa, mutane suka laƙaba masa zannuba, suna ya sauka ƙafa. Tsohuwa ta rasu, waɗanda suka san ta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, Awadalla ya ja bakinsa ya rufe.

Mutum ɗaya ne ya ƙi haƙura, Ginidi mai fireska, wanda ke yawo da wainar zuma siririya a akwatin gilashi a kafaɗa. Kullum da safe sai ya tsaya gaban kujera.

"Ina kwana, ɗan Nafisa?"

"Lafiya lau. Ba ita ba ce."

"To, ɗan Shafiƙa?"

"Ɗaya ake yi a rana, Ginidi. Je ka sayar da takardarka mai zuma."

Shekara ashirin da shida suna haka. Da sunaye suka ƙare masa, har na Girkawa sai da ya gwada.

To, Awadalla yana da ɗa guda, Rida, yana aiki a Damanhur. Kakarsa ce ta goye shi, shi ya sa da ya sami 'ya mace ya mayar mata da sunan, bai yi shawara da kowa ba. Awadalla bai taɓa furta shi ba, Uwata yake ce mata. A makon nan ne aka kawo ta hutu, tana da shekara huɗu, da jar riga da jan silifas. Bayan an sauko daga masallaci, matarsa Ummu Rida da surukarta, uwar yarinyar, suka ce za su shiga ruwa da rigunansu zuwa ƙugu, kamar sauran mata. Ummu Rida ta ajiye masa yarinya a gefen kujera.

"Ga ta nan, Abu Rida. Kai da ke tsinto na mutane, ai ba ka yar da naka ba."

"Zauna nan, Uwata," in ji shi.

Ginidi na wucewa ya ji. Ya dawo da baya sannu a hankali, ya durƙusa, ya zaro fireska ɗaya yana kaɗa ta.

"Uwarka ce wannan? Masha Allah. 'Yan mata, ya sunanki?"

Yarinya ta buɗe baki. Awadalla ya fizge fireskar ya cusa mata, ya nuna wa Ginidi hanya da lasifika.

"Rana tana da tsawo," in ji Ginidi.

Ana haka aka kawo wasu tagwaye da suka ɓata tare, ɗaya ya ce makaroni aka dafo, ɗayan ya rantse kifi ne. Kafin ya raba gardama ya gano gida biyu ne suka haɗa tukunya, lokaci ya ɗan ja. Ya miƙa su ga ubansu, ya juyo. Bokitin yarinya na nan, cokalin tonon yashi na nan, ita ba ta.

Ya duba ƙarƙashin kujera. Ya duba bayan masu lilo. Ya zaga laima goma ba tare da ya ce wa kowa uffan ba, amma idonsa sai komawa yake kan ruwa, inda kawunan yara ke sama suna ƙasa kamar kankana a randa. Shi ya san abin da mutane ba sa so su sani, cewa ranar da teku ta yi lamo ita ce ranar da iyaye ke sakin hannun 'ya'yansu.

Ya ɗaga lasifika. "'Yan halak, yarinya 'yar shekara huɗu, da jar riga." Aka kawo masa biyar. Ɗaya ma daga cinyar uwarta aka ɗauko ta, uwar ta biyo da muciya.

Ya sake ɗagawa. "Uwata, in kina jina, ki dawo wurin kujera."

Dariya ta tashi daga laima zuwa laima. Wani ya ce, "Allah sarki, tsoho ya ɓatar da uwarsa." Wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa ta ɗaga hannu ta ce, "Ga ni, ɗana, in dai za ka riƙa kawo nama ran Juma'a."

Wannan kiran shi ya fito da Ummu Rida daga ruwa, riga na ɗiga, surukarta na biye tana salati.

"Ina yarinya?"

"Tana kusa. Yanzu za ta..."

"Ka kira ta da sunanta?"

Ya waiga. Ginidi na tsaye taku goma da akwatinsa.

"Ginidi na nan," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Ginidin ne zai haifa maka wata? Kai, Abu Rida, uwarka shekararta talatin a ƙasa, ba abin da zai same ta. Wannan kuwa ba ta iya ruwa ba. Ka kira, ko ka ba ni abin nan in kira, har da sunan kakarka."

Ya dubi ruwa sau ɗaya. Sai ya hau kan kujera, ya murɗa lasifika har ƙarshe.

"'Yan halak, Zannuba ta ɓata. Ƙarama ce, ja. Ɗazun nan tana gefen kujerata. Duk wanda ya gan ta ya kawo mini, don girman Allah."

Sannan kowa ya dubi ƙafarsa.

Mutanen nan kusan ba wanda Ammu Awadalla bai taɓa maido wa ɗa ba. Yau ga shi a kan kujera da hawaye a gemu yana neman zannuba. Ba wanda ya tsaya tambaya, suka ce lalle tana da daraja a wurinsa. Maza suka tashi suna ɗaga tabarmi, yara suna tona yashi. Wani mai ƙaton ciki ne ya fara isowa da ja guda a hannu.

"Ammu, ta dama ce ko ta hagu?"

"Wace dama? Mutum ce."

"Lamba nawa take?" in ji wata daga baya.

"Shekara huɗu."

"Shekara huɗu kana sa ta? Ai ta yi ƙoƙari. Ka bar ta ta huta, ga wannan sabuwa."

"Da ƙafarta ta tafi," in ji shi.

"Haka suke yi, ruwa ne ke jan su."

Kafin ka ce me, layi ya miƙe tun daga kujera har wurin masu masara. Ja, ruwan hoda, mai tsinkakkiyar igiya da aka ɗaure da ƙusa, har da wata baƙa ta babban mutum wadda mai kawo ta ya ce ko za ta yi maneji. Tsibi ya taru a gabansa ya kai gwiwa. Yana cewa yarinya ce, jikata ce, amma batir ya soma mutuwa, abin da ke fita sai ƙara.

Ginidi kaɗai ya gane. Bai yi dariya ba. Ya ajiye akwatin gilashi a yashi, abin da ba a taɓa gani ya yi ba, ya naɗe wando ya bi bakin ruwa yana leƙa fuskar kowace yarinya. Ya je ƙarshe ya dawo ba komai. A dawowar ne ya hange ta, ba a ruwa ba, a cikin layi. Tana tsaye bayan wata mata mai goyo, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ɗayan na hannunta, tana jiran a zo kanta. Ashe bayan wani kifaffen kwalekwale ta je, inda wasu yara ke wasan binne ubansu a yashi, ta tsaya taya su. Ginidi ya so ɗaukarta, ta ƙi, ta ce ba a tsallake layi. Haka ya tsaya kusa da ita har suka iso.

Ta miƙa wa kakanta takalmin.

"Giddu, ga tawa. Ka daina kuka. Amma gobe ka ba ni abata."

Ya sauko daga kujera, ya zauna daɓas a kan tsibin silifas da yarinya a ƙirji. Ummu Rida ta karɓe ta, ta duba ta gaba da baya, sannan ta juya kan mijinta, ta faɗi abin da ta faɗa. Ba ta buƙaci lasifika ba.

Ginidi ya dubi silifas ɗin ƙafarsa. Sai ya ce, "Shekara ashirin da shida, kullum ina taka ta ban sani ba. Allah ya jiƙanta, Awadalla."

"Amin. Yanzu sai ka je ka faɗa wa duniya."

"Wace duniya ta rage? Har na Girka sun ji."

Kafin la'asar labari ya gama yashi, kafin sati ya gama unguwa. Yara suka fara kiransa Ɗan Zannuba daga nesa, sa'an nan daga kusa. Kwana tara yana ɗaure fuska, a na goma ya amsa, ya ga bai mutu ba. Silifas ɗin kuwa ba wanda ya dawo ɗauka, don duk marasa 'yan'uwa ne. Ya zuba su a kwandon kifi a gefen kujera, wanda ruwa ya ɗauke wa nasa ya zo ya zaɓi mai kama, ya tafi gida da ja a dama, shuɗi a hagu.

Ya ƙara shekara shida a wurin, sannan gwiwoyi suka hana shi tafiya a yashi. Yanzu yana unguwar Wardiyan, a hawa na biyu na gidan ƙanwarsa, shi da Ummu Rida. Ba ya saukowa sai ranar Juma'a.