Kofin da Inna Ta Wanke

Shekarun baya, kafin in kama sana'ar da nake yi yanzu, na yi tuƙi a wani kamfanin 'yan Sin da ke aikin hanya tsakanin Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram. Wanda nake tuƙawa wani dattijon injiniya ne, siriri, mai furfura, ba ruwansa da hayaniya. Hausarsa guntu-guntu ce, ni kuma Turancina sai a hankali, amma haka muke lallaɓawa, inda baki ya gaza hannu ya ƙarasa.

Mutumin nan, komai tsananin aiki sai ya sha shayinsa. Yana da wani ɗan akwatin katako da ba ya rabuwa da shi. A ciki akwai 'yar buta da wani kofin tangaran, ƙarami, kurɓa uku ka gama da shi. Launinsa shuɗi ne mai haske, amma duk jikinsa zane ne ruwan ƙasa, tsaga-tsaga, kamar gindin kududdufi idan ya ƙafe.

Ni da karambani, wata rana na ce, "Maigida, kofin nan ya tsattsage. Bari in sayo maka sabo a kasuwa, babba, mai hannu."

Ya yi dariya har da tari. Ya kama yatsana ya goga a jikin kofin, na ji shi sumul. Ashe da gangan masu ginin tangaran na garinsu suke yin sa haka. Ya ce idan aka fito da shi daga wuta, iska ta buge shi, sai ƙyallin da aka shafa masa ya riƙa tsagewa yana ƙara ƙis-ƙis, amma ba a ganin tsagar sosai. Shayi ne yake shiga cikinta a hankali, shekara da shekaru, har zanen ya fito. Ya ce mahaifinsa ya yi kusan shekara arba'in yana sha da shi kafin ya rasu. Ya nuna zanen da farce ya ce, "Wannan, babana."

Na gyaɗa kai na ce Allah Sarki. A raina kuwa cewa na yi kowa da irin tasa.

Da aiki ya kawo mu kusa da Kwandiko, garinmu, sai na gayyace shi cin tuwo. Mahaifiyata ta yi rawar gani, shi ma ya naɗe hannun riga ya tashi da malmala biyu. Bayan an gama ya fito da akwatinsa, ya haɗa shayi, ya miƙa mata. Inna ta kurɓa, ta juyo ta kalle ni ta ce, "Kai, ba sukari ba madara? Bawan Allahn nan ɗauraya yake sha?" Na fassara masa cewa ta ce da daɗi.

Muna cikin haka aka yi masa waya, ruwa ya cinye wani kwalbati da suka zuba. Muka tashi a guje, akwati ya zauna a kan tabarma. Kwana biyu muna fama a bakin rafi, sai a na uku ya ce in je in ɗauko masa kayan shayinsa.

To ga inda gizo yake saƙar. Mahaifiyata mace ce da ba ta haɗa hanya da datti. Tukunyar da ta shekara goma kan murhu, kana iya duba fuskarka a gindinta. Ina yin sallama ta tare ni da fara'a.

"Yauwa, ɗan albarka, zo ka gani. Na sha wuya fa. Toka ta ƙi, kanwa ta ƙi, lemon tsami ya ƙi. Sai da maƙwabciyata ta sammin ruwan bilic, na wankin fararen kaya, na jiƙa shi kwana biyu."

Ta buɗe mayafi. Kofi ya fito tas, yana ƙyalli, zanen nan ko alama sai ka ƙura ido. Na zauna a kan turmi.

"Inna, me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Baƙo ya ci abinci a gidana, in mayar masa da kofi da dauɗa? Kai ba ka ga mutumin nan ba shi da mai kula da shi ba?"

Na mayar da kofin mazauninsa. Na ɗauki akwatin na fita, kuma maimakon in nufi wajen maigida, sai na zarce Birnin Kudu wajen wani abokina mai shayi. Ku ji dabarar mai hankali. Na sa ya zuba ganyen shayi cikin hannu biyu a tukunya, muka jefa kofin, muka yi ta dafawa kamar muna dafa ganda. Abokina yana fifita wuta yana cewa, "Ni dai tunda nake ban taɓa ganin an dafa kofi ba." Bayan awa uku muka tsamo shi, muka goge, yana nan yadda Inna ta bar shi. Shekara arba'in nake so in dafa kafin la'asar.

Haka na je na ajiye akwatin a gabansa, na faɗi gaskiya. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kora. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗaga kofin ya duba a hasken taga, ya juya shi, ya sake juyawa, ya mayar ya rufe. Kwana huɗu ina tuƙa shi, daga "tsaya" sai "mu je". Shayin ma ya daina sha. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na koma gida na yi wa Inna bayanin abin da zanen yake nufi. Ta ji ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Innalillahi. Uban mutum na kankare?" Ta tashi ta ɗauki mayafinta. Na ce ina za ki, ta ce in tayar da babur.

A gaban ma'aikata tsohuwar nan ta durƙusa masa. Ya zabura ya ce in ɗaga ta, ta ƙi. Ta ce, "Gaya masa ban sani ba. Na ga ya yi nisa da gida, ba uwa ba mata a kusa, na ce bari in yi masa abin da zan yi wa ɗana. Ya yafe mini don Allah."

Wannan karon ban yi ƙarya a fassara ba. Ya saurara har na gama. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, ga kuma hawaye yana zuba. Da ƙyar ya ce, "Mamana! Kullum mamana tana so ta wanke. Kullum babana ya ɓoye, cikin riga, ƙarƙashin gado. Shekara arba'in suna faɗa." Ya share ido ya ce, "Yau mamana ta ci."

Da na fassara, Inna ta ce, "Ai ka ji. Mace mai tsafta ce." Ya sa aka dafa ruwa, ya haɗa shayi a kofin, ya miƙa mata da hannu biyu, abin da ya ce a wajensu iyaye ake yi wa. Ta shanye tas, ko yatsina fuska ba ta yi ba.

Da aikinsu ya ƙare zai koma, sai ya kawo mata kofin da kansa. Ya ce ta riƙa sha kullum, amma ruwa kawai za ta ɗauraye shi da shi. Ba a taɓa ɗora wa Inna aiki mai wuya irin wannan ba. Sau nawa ina kama ta tana hararar kofin, soso a hannu, tana cewa, "Alkawari dai." Shekara bakwai ta yi tana sha da shi kowace safiya, da sukarinta cokali biyu, har Allah Ya karɓi abarSa.

Yanzu yana wajena. Zanen ya dawo, siriri, bai kai na da ba. Kwanakin baya maiɗakina ta haɗa shi da kwanukan wanke-wanke, na hango shi a cikin kumfa. Ban san lokacin da na diro tsakar gida ba takalmi ina ihu ba, har ta tsorata ta ce, "Lafiya? Kofi ne fa." Na tsamo shi.

A ranar na san girman abin da muka wanke wa dattijon nan. Ni shekara bakwai kawai nake karewa na kusa tara wa matata jama'a. Shi arba'in ya rasa, kuma ya tashi ya dafa wa uwata shayi.