Ƙudajen da Na Bari Suka Mutu

Shekara biyu na yi ina kiwon ƙudaje a wata jami'a a Landan. Ƙananan nan ne masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Aikina shi ne in riƙa ƙara musu zafi kaɗan-kaɗan, in ga ko jikokinsu za su fi kakanninsu jure shi. Dokar aikin ɗaya ce: duk sati biyu sai ka juye su cikin sababbin kwalabe masu sabon abinci. Ka yi sakaci, zuriyar ta ƙare.

Da mahaifina ya rasu, sai na damƙa su hannun wani abokin karatuna da muke ɗakin bincike ɗaya. Ɗan gida ne, har tuwo nake kawo masa daga gidana a unguwar Tottenham a cikin kula. Ya dafa ƙirji ya ce, "Anti, ki je ki yi zaman makoki. Ba abin da zai same su."

Na dawo bayan wata guda na tarar da kwalabena sun yi baƙi, gawarwaki manne a abincin da ya bushe. Da na tare shi, ko wayarsa bai ajiye ba. "Wallahi Anti, deadline ne ya sha kaina. Ki yi haƙuri, ai ƙudaje ne, sai ki yi restarting."

Na sake aikin daga farko, ina gaishe shi kullum da fara'a, zuciyata kuwa kamar garwashi. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Bayan shekara, aurensa ya tashi. Da yake mutumin ba shi da ta-ido, ni ya kawo wa nasa ƙudajen. Na karɓa hannu bibbiyu, har da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya.

Ban juye su ko sau ɗaya ba. Kowace safiya kafin in fara aikina sai na je na ɗaga kwalabensa a haske, na ga waɗanda suka faɗi, na mayar. Daɗin da na ji a makonnin nan, har yau ina jin kunyar faɗarsa.

Ranar da ya dawo, zaman dirshan ya yi a ƙasa yana kallon kwalaben. Shugabar ɗakin binciken, wata dattijuwar Baturiya, ta kira ni ofishinta. Ta tuna mini cewa nasa ƙudajen su ne ba a taɓa ƙara wa zafi ba, kuma da su za a gwada nawa. In babu su, shekarar da na sake yi ma ta tafi a banza. Ta tambaye ni ko ban san da haka ba.

Na ce mata na sani tun ranar da ya miƙo mini su.